Rangwamen albashi da shugabannin ƙungiya: abin da 'yan'uwa masu haɗa motoci a Amurka suka gani

Baban Hanifa, Michigan:

Assalamu alaikum. Ina roƙon 'yan'uwa da suka yi aiki, ko suke kan yi, a masana'antun haɗa motoci da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙwadago ta UAW, kowa ya kawo abin da ya gani da idonsa game da rangwamen albashin da aka yi wa kamfanoni tun daga 2007, domin yarjejeniyar da muke ciki za ta ƙare a ƙarshen Afrilun 2028, kuma ƙannenmu da suka shigo kwanan nan ba su san inda aka faro ba. Don Allah kada a ambaci sunan masana'antar da mutum yake aiki, ko sunan wakilin reshensa.

Ni a 2012 aka ɗauke ni, a mataki na biyu. Ga wanda bai sani ba, a 2007, zamanin shugabancin Ron Gettelfinger, ƙungiya ta yarda wa kamfanonin General Motors (GM) da Ford da Chrysler su riƙa ɗaukar sabon ma'aikaci a kan kusan dala 14 a awa, alhali tsohon ma'aikaci yana karɓar kusan dala 28, kuma sabon ba shi da fansho irin na da, ba shi da kulawar asibiti bayan ya yi ritaya. Lokacin da na shiga kuɗin bai kai dala 16 ba. Aikina a ƙarƙashin mota yake, hannuwa a sama tun daga farkon aiki har ƙarshensa, ina ɗaure kusoshin ɓangaren hagu, wani dattijo baƙar fata ɗan Detroit yana ɗaure na dama, mota tana wucewa kusan kowane minti ɗaya. Na'urar ɗaure ƙusarmu iri ɗaya ce, ciwon kafaɗarmu iri ɗaya ne, amma ranar biya takardarsa ta kusa ninka tawa. Mutumin kirki ne, har yakan kifa takardar a kan tebur idan muna hutu don kada in gani. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne waɗanda aka yanke wa albashi a 2007 ba su cikin masu jefa ƙuri'a, tunda a lokacin ba a ma ɗauke su aiki ba.

Dattijo Mai Ritaya, Ohio:

Wa alaikumus salam. Ɗana, na ji zafin maganarka, kuma ba zan musa ko ɗaya daga cikin lissafinka ba, amma ina so ka ji yadda abin yake daga wajenmu. Ina cikin waɗanda suka jefa ƙuri'ar amincewa a 2007 da 2009, kuma da za a mayar da ni cikin wancan hali, da ita zan sake jefawa. A ƙarshen 2008 filin ajiye sababbin motocinmu ya cika har ba wurin saka wata, ana rufe layi mako bayan mako, kuma gwamnati ta gindaya sharaɗin cewa ba za ta ba da rance ba sai an kusanto da kuɗin ƙwadago zuwa abin da Toyota da Honda da Nissan suke biya a masana'antunsu na nan Amurka. Chrysler ta shiga kotun karayar arziki a ƙarshen Afrilun 2009, GM ta bi baya a farkon Yuni. Mu ma tsofaffi ba mu tsira ba. An dakatar da alawus na tsadar rayuwa, an rage lokacin hutu, kuɗin ƙarin lokaci ya koma sai bayan awa 40 a mako maimakon bayan awa 8 a rana, a GM da Chrysler kuma aka jingine haƙƙin yajin aiki har 2015. Mun yi kusan shekara goma albashinmu na awa bai motsa ba.

Inda ni nake ganin laifin shugabanni shi ne 2011. A ɗakin taron reshenmu, da bakinsu suka ce mana rangwamen na ɗan lokaci ne, da zarar kamfanoni sun miƙe za a dawo mana da abin da muka bayar. Kamfanoni suka miƙe, riba ta dawo, sai aka zo mana da kuɗin sa hannu dunƙule guda, wato wanda ake ba ma'aikaci sau ɗaya idan an amince da yarjejeniya, maimakon ƙarin albashi. Kuɗin dunƙule kuwa ranar da ya shigo yana da daɗi, amma ba ya hawa kan kuɗin awa, ba ya ƙara kuɗin ƙarin lokaci, kuma kafin sallah ta zagayo ya ƙare.

Maman Amira, Indiana:

Salamu alaikum. Baba da Yaya duk suna maganar mataki biyu, to akwai na uku a ƙasansu, wato mu da aka kira ma'aikatan wucin gadi. Na shafe shekaru da wannan suna ina jera wayoyin lantarki a bayan allon gaban mota, aikin da yake sa yatsu su kumbura har zobe ya ƙi fita. Idan an raba ribar shekara ba mu ciki, Asabar da Lahadi mu ake fara kira, kuma wadda ta ce ba za ta zo ba don ba ta da mai riƙe mata yara ta san abin da zai biyo baya. Duk da haka kuɗin ƙungiya bai taɓa kuskuren fita daga takardata ba, kuma tun 2014 an ɗaga shi daga kuɗin awa biyu zuwa na awa biyu da rabi a wata. Da na kai kuka ga wakilin sashenmu game da canza mini lokacin aiki ba tare da sanarwa ba, sai ya buɗe littafin yarjejeniya ya nuna mini cewa babu sakin layin da ya shafe ni, ya ba ni haƙuri, ya wuce. Ban ce ƙarya ya yi ba. Amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma waɗanda suka rubuta littafin sun san akwai mu lokacin da suka sa hannu.

Bayan yajin aikin 2023 an tabbatar da ni, alhamdu lillahi. Wasu da muka fara tare kuwa, a farkon 2024 saƙo kawai suka samu a waya cewa kada su dawo.

Ɗan Zango, Michigan:

Ina so in tsaya a kan yadda ake kawo mana yarjejeniya, domin a ganina nan ne cutar take. Littafin yarjejeniya ɗaruruwan shafuka ne, amma abin da ake raba mana a ƙofar ɗakin taro 'yar mujalla ce mai sheƙi, an rubuta kuɗin sa hannu da manyan baƙaƙe a shafin farko, abin da aka sarayar kuma sai mai haƙurin bin ƙananan rubutu zai gano shi. A taron reshenmu na 2015 wani matashi ya miƙe ya tambayi shekara nawa zai yi kafin ya kamo albashin wanda yake tsaye kusa da shi a layi, aka yi ta kewaye-kewaye, da ya sake tambaya sai aka kashe masa lasifika. A shekarar ne ma'aikatan Fiat Chrysler, wato Chrysler bayan haɗewarta da Fiat, suka yi watsi da yarjejeniyar farko da kusan kashi 65 cikin ɗari, abin da ya tilasta aka koma teburi aka fito da hanyar hawa zuwa babban albashi, sai dai hanyar ta shekara takwas ce, a cikin yarjejeniyar da ita kanta shekara huɗu za ta yi.

Daga 2017 kuma kowa ya ga abin da masu binciken gwamnatin tarayya suka bankaɗo. Shugabannin ƙungiya biyu a jere, Dennis Williams da Gary Jones, sun amsa laifin cin kuɗin membobi, kuɗin da aka kashe a gidajen alfarma na garin Palm Springs a jihar California da wasan golf da sigari mai tsada, aka ɗaure na farko wata 21, na biyu wata 28. Fiat Chrysler ita ma ta amsa laifin ba jami'an ƙungiya kuɗi ba bisa ƙa'ida ba, aka ci ta tarar dala miliyan 30. Baba, da girmamawa nake tambaya, wanda yake karɓa daga wancan gefen teburin, ta yaya za mu gaskata shi idan ya dawo ya ce mana iyakar abin da aka iya samowa ke nan?

Dattijo Mai Ritaya, Ohio:

Tambayarka tana kan hanya, kuma na fi ka jin kunyar abin, domin shekarun da na yi ina biyan kuɗin ƙungiya sun fi naka. Sai dai kada a haɗa 2009 da abin da ya biyo baya a ƙulli ɗaya. Akwai rangwamen da tilas ta sa, akwai kuma wanda aka bari ya zauna bayan tilas ɗin ta wuce. Ma'aikatan Ford sun gane bambancin tun a ƙarshen 2009, lokacin da aka zo musu da ƙarin rangwame alhali kamfaninsu bai shiga kotu ba, suka ƙi da babban rinjaye, kuma kamfanin bai rushe ba.

Baban Hanifa, Michigan:

Na gode Baba, na karɓi wannan rarrabewar. Don adalci kuma dole a faɗi abin da ya sauya. A 2021 membobi suka zaɓi a riƙa zaɓen shugabanni kai tsaye maimakon ta hannun wakilai, a Maris ɗin 2023 Shawn Fain ya kayar da Ray Curry a zaɓen shugaban ƙungiya da ratar da ba ta kai ƙuri'a 500 ba, sannan yajin aikin da aka fara ranar 15 ga Satumba ya kawo ƙarin albashi na kashi 25 cikin ɗari, kashi 11 nan take, ya dawo da alawus na tsadar rayuwa, ya rage hawan shekara takwas zuwa uku. Na tsaya a bakin ƙofa da kwali a hannu ina karɓar dala 500 a mako, kuma ban yi da-na-sani ba.

Amma fansho bai dawo mana ba, kulawar asibiti bayan ritaya ma haka, sai dai an ɗaga abin da kamfani yake zuba mana a asusun ajiyar ritaya zuwa kashi 10 cikin ɗari. Shi ya sa a GM yarjejeniyar ta wuce da kusan kashi 55 kawai, manyan masana'antu da dama suka ce a'a. Dattijon da muke ɗaure ƙusa tare ya yi ritaya da fanshonsa na wata-wata, ni kuwa abin da zan tarar ya dogara ga yadda kasuwar hannun jari ta kwana a shekarar da zan ajiye aiki.

Maman Amira, Indiana:

Yaya, kafin 2028 abu biyu nake so reshenmu ya rubuta ya aika sama: a ba kowa cikakken littafin yarjejeniya aƙalla mako guda kafin ƙuri'a, kuma a sa iyakar watannin da za a riƙe mutum a wucin gadi a rubuce, ta yadda ba za a sallame shi ana gobe wa'adinsa zai cika ba. Na kai maganar taron wata na reshenmu, sai aka ce ba za a iya yanke komai ba saboda waɗanda suka halarta ba su kai adadin da doka ta nema ba, a reshen da membobinsa suka haura dubu. An sa taron ƙarfe goma na safiyar Lahadi, lokacin da 'yan aikin dare ba su daɗe da kwanciya ba. Idan akwai wanda reshensu ya taɓa yin nasarar sauya lokacin taro, ina so ya gaya mini ta wace hanya suka bi.