Disket da tsofaffin CD na shagon baffana, ya zan kwashe abin da ke ciki kafin su mutu?

Dan_Wunti:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu harkar kwamfuta ku taimaka min da shawara. Baffana ya daɗe yana da shagon buga takardu a nan Bauchi wajen Wunti, irin wanda ake wa ɗalibai taifin na furojet, katin biki, kalandar ƙungiya da sauransu, to yanzu girma ya zo ya rufe shagon, yaran gida har sun fara maganar kiran ƴan gwangwan su kwashe komai a kilo. Na samu na tsame kwali biyu. Ɗaya disket ne cike, an rubuta musu suna da biro, manhajojin rubutu da zane su WordPerfect, PageMaker, Corel, wani kuma an rubuta font na Hausa, sauran sunayen kwastomomi ne kawai. Ɗayan kwalin CD ne, akwai Windows 98, kundin sani na Encarta, Mavis Beacon na koyon taifin da wasu da aka ƙona a shago ba suna. Sai tsohuwar kwamfutar kanta Pentium III, ta sha ƙura ba a kunna ta ba tun tuni. Ni dai sha'awa ce kawai, a kanta na koyi taifin kuma a kanta muka buga gem ɗin Dave da Prince of Persia muna yara in baffa ya tafi masallaci. Ta ina zan fara? Laftof ɗina ko wurin sa CD ba ta da shi balle disket.

Injiniyan_Yelwa:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Farko dai kar ka jona waccan kwamfutar da wuta tukun, na san hannunka na ƙaiƙayi amma ka daure. Buɗe ta ka hure ƙurar, ka duba kafasitocin da ke kan bod ɗin ko akwai wanda kansa ya kumbura ko ya yi tsatsa, na wannan zamanin sun yi suna wajen haka. Abin da ya fi daraja a cikinta had-disk ne, ka ciro shi, irin mai faɗin bakin nan ne IDE mai fil 40, akwai adafta da ke mai da shi USB, sai ka kwafe shi gaba ɗaya a wata kwamfutar kafin ka yi wasa da komai.

Disket kuma ka nemi draib ɗinsa na USB, masu gyara da suka daɗe a harkar wani lokaci suna da shi a ajiye, in babu sai oda, don Sony ma da ta fi kowa yin disket ta daina tun 2011. Kafin ka sa kowanne, juya bayansa akwai ɗan maɓalli a kusurwa, ka tura shi ramin ya buɗe, in ramin a buɗe yake ba abin da zai iya rubutu a kai. Sannan ka ja ƙarfen nan gefe ka leƙa baƙin faifan ciki, in ka ga farin tabo kamar fumfuna ajiye shi gefe, in ka sa shi zai shafa wa kan draib ɗin datti ya je ya karce na gaba. In Windows ta ce maka wai sai an yi fomat, ka ce a'a, ko sau nawa ta tambaya.

Kuma ba buɗe disket za ka yi kana jan fayil ɗaya ɗaya ba. Hoton disket ɗin za ka ɗauka dungurungum ya zama fayil guda na .img, manhajar WinImage na yi, in kana da Linux kuma ddrescue ya fi don shi in ya ci karo da wurin da ya lalace yana tsallakewa ya kwashe mai kyau sannan ya dawo ya yi ta gwadawa. Dalili shi ne tsohon disket wani sa'in karatu ɗaya ya rage masa, kuma a cikin hoton har fayilolin da aka goge ana iya tonowa daga baya. 1.44MB ne fa kowanne, kwalin gaba ɗaya bai kai bidiyo ɗaya na WhatsApp mai ɗan tsawo ba. Waɗanda suka ƙi karantuwa kar ka yar, akwai ƙaramar na'ura Greaseweazle da ake haɗawa da draib na ainihi irin na cikin kwamfutar baffanka, ita maganaɗisun faifan take karantawa kai tsaye, don haka draib ɗin cikin ma kar ya tafi wajen ƴan gwangwan.

Sarkin_Yaƙin_Jekadafari:
Kai jama'a wannan wahala har ina. Malam duk abin da ka lissafa Turawa sun riga sun adana, ka shiga shafin Internet Archive, rumbun adana tsofaffin kaya a intanet, tun 1996 suke tara kaya, Prince of Persia ɗin nan na 1989 a cikin burauza ma za ka buga shi ba sai ka sauke komai ba. Windows 98 kuwa kofi nawa ne a duniya? Kuma mu faɗi gaskiya CD ɗin shagunanmu yawanci ba orijina ba ne, kofin kofi ne. Ka kashe kuɗin adafta da draib a kan abin da yake kyauta a intanet, ni ban ga riba ba wlh. Ka ɗau hotonsu da waya don tarihi ka bar yara su samu na cefane.

Maman_Ilham_Gombe:
Sarkin Yaƙi ka yi gaskiya rabi. Windows da Encarta ba sa bukatar Dan_Wunti, ko ya ƙona nasa ba abin da duniya ta rasa. Amma disket ɗin nan da aka rubuta font na Hausa da waɗanda ke da sunayen kwastomomi, su wa ya adana? Babu wani Bature da yake da su.

Ni na yi aikin taifin shekaru a nan Gombe, bari in gaya muku yadda abin yake. Lokacin kwamfuta ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba, sai ka buga k ko d ka bi da biro ka sa lanƙwasa bayan an firinta, ko ka sa alamar ɗauri a gefe. Sai aka samu font irin su Rabi'at da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi, dabarar ita ce an ɗauke wasu alamomin kibod da ba a cika amfani da su ba an zana haruffanmu a gurbinsu. Kana danna } sai ƙ ta fito, ] ta ba ka ɗ, ~ ta ba ka ɓ. A takarda lafiya lau. Amma a cikin fayil ɗin alamar ce a zaune ba harafin ba, shi ya sa har yau za ku ga tsofaffin rubutun Hausa a intanet ana cewa }asa da ]aya da ~angare, font ɗin ne ya ɓace aka bar rubutun tsirara. Kuma ba font ɗaya ba ne, wasu shagunan da nasu da wani ya gyara musu, kowanne da inda ya ajiye haruffansa, to in ka adana fayil ba ka adana font ɗin da aka buga shi da shi ba sai ka zauna kana canke.

Sannan ka tuna me ake kawowa shago a lokacin. Waƙoƙin da malamai suka rubuta na Hausa da Fulfulde, tarihin masarautu da ake bugawa lokacin naɗi, ƙananan littattafan Islamiyya, tsarin mulkin ƙungiyoyin unguwa, wasan kwaikwayon ƴan makaranta. Da yawa kofi kaɗan aka buga aka raba, gara ta cinye takardun, mai rubutun ma wataƙila ya rasu. In akwai sauran su to a irin kwalin nan suke. Ɗana ka fara da waɗannan disket ɗin, Windows 98 ta jira.

Dan_Wunti:
Allah ya saka da alheri Mama, wlh ban kawo wannan a raina ba, ni hankalina na kan gem. Na tambayi baffa ya ce lallai akwai aikin wani malami da ya yi ta kawo waƙoƙi ana buga masa a PageMaker. To Injiniya in na ɗau hoton da me zan buɗe? Wani ya ce min tsofaffin manhajojin ba sa tashi a Windows 11.

Injiniyan_Yelwa:
Gaskiya ya faɗa maka, Windows mai 64-bit ba ta tada manhajar DOS ko ta 16-bit, kuma wasu na zamanin Windows 95 ko da su kansu 32-bit ne abin instol ɗinsu 16-bit ne sai ya ƙi. Na DOS irin su WordPerfect 5.1 da Dave da Prince ka sa DOSBox, manhajar da ke kwaikwayon tsohon tsarin DOS, kyauta ne ba nauyi. Na Windows 98 kuma 86Box ya fi, shi kwamfutar zamanin yake kwaikwaya tun daga bod har katin sauti, sai ka yi instol na Windows 98 a ciki ka sa PageMaker da font ɗin ka ga shafin yadda baffa ya tsara shi. In kana gaggawa LibreOffice na buɗe fayil ɗin WordPerfect da na Corel da PageMaker 6 zuwa 7, sai dai tsarin shafi kan ɗan goce. PageMaker a 7 ɗin ya tsaya tun 2001, Adobe ta koma InDesign.

In ya buɗe ka fitar da shi kala biyu, PDF don a ga kamanninsa, da kuma rubutu zalla da ka bi ka canza alamomin nan da Mama ta faɗa zuwa ƙ ɗ ɓ na Unicode, tsarin haruffan da kwamfutocin yanzu suka sani. Na asalin kar ka taɓa shi, a kan kofi ake aiki.

Hattara da bairos, disket ɗin shago ya shiga kwamfutoci ba adadi. Na but sekta, wato masu kama kwamfuta lokacin da ake tada ta da disket, ba za su yi wa laftof ɗinka komai ba tunda ba da disket kake tada ta ba, amma fayilolin Word 97 na iya zuwa da bairos na makro da ke ɓuya a cikin takarda, kuma akwai bairos ɗin CIH da ya yi ɓarna ranar 26 ga Afrilu 1999, shi Windows 95 da 98 yake kamawa. A cikin 86Box in ya kama sai ka goge ka dawo da kofi.

CD kuma waɗanda aka ƙona a shago su za ka fara yi, don rini ne a cikinsu zafi da rana na cinye shi, ka san zafin Bauchi a watan Maris da Afrilu. Na kamfani sun fi juriya. Manhajar ImgBurn za ta mai da su ISO, wato hoton CD ɗin a fayil guda, in gem ne mai waƙa a ciki ka yi BIN da CUE. Karcewar saman da ake rubuta suna da biro ta fi ta ƙasa illa, bayanan sun fi kusa da can. Kar ka tara komai a filas ɗaya ka jefa a durowa, filas in ya daɗe ba wuta yana iya zubar da kaya, ka sa a had-disk biyu ɗaya a wani gidan, ɗaya kuma a intanet. Ka ɗau hoton kowane disket da waya ka ba shi lamba ɗaya da fayil ɗinsa.

Maman_Ilham_Gombe:
Ƙari ɗaya, kafin ka ɗora komai inda jama'a za su gani ka tace. A cikin aikin shago akwai takardun kotu, rabon gado, wasiƙun neman aiki da sakamakon jarrabawar mutane, waɗannan amana ce aka ba baffanka. Waƙoƙin malamin ma ka nemi iyalansa tukun. Kuma ka zauna da baffa da kwalin a gabansa yana gaya maka wannan na waye wancan na wace shekara kana rubutawa, don wani disket ɗin harafi biyu kawai aka rubuta a kai shi kaɗai ya san ma'anarsu.

Sarkin_Yaƙin_Jekadafari:
To na ji na font da waƙoƙi, a nan na sallama Hajiya. Amma Encarta dai ina nan kan bakana. Dan_Wunti in ka samo draib ɗin USB ka yi min magana, akwai wasu disket na yayana na dBASE da ya yi lissafin shagonsa na hatsi a kai, sai in aiko maka su a motar Gombe Line.