Neman shawara: za a baje tsohon zauren unguwarmu a gina shaguna

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Unguwarmu a cikin badala take, a birnin Kano. Akwai gidan wani malami da Allah ya yi wa rasuwa, zaurensa ginin ƙasa ne mai ɗaurin guga, da zankwaye a sama da dakali a ƙofa. Nan ake ɗaurin aure da zaman makoki, nan yara ke karatun allo. Magada suna da yawa, har da marayu ƙanana, kuma sun samu mai saye da zai baje gidan ya tayar da shaguna hawa biyu. Hujjarsu ita ce bangon gabas ya tsage, rufi yana yoyo, suna tsoron kada ya faɗa wa yara da damina. Ran mutanen unguwa ya ɓaci, matasa har suna cewa za su tare katafila. Shin doka ta hana rushe irin wannan gini? Kuma tsagewar nan tana gyaruwa?

Wani lauya:
Wa alaikumus salam. Malam, abu na farko, a hana yaran nan maganar tare katafila. Laifi zai koma kansu, kuma magada za su ƙara taurin kai.

A doka kuwa, tsufa kaɗai ba ya kare gini. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, NCMM, a 1979 tana kare abin da aka ayyana a matsayin kayan tarihi na ƙasa ne, irin su ganuwa da ƙofofinta da Gidan Makama. Su ɗin ma kun ga yadda ake ciki: ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara, wadda ta shiga jerin wucin gadi na UNESCO a 2007, an cinye ta da gine-gine a wurare da yawa, Ƙofar Na'isa kuma an rushe ta a 2010 saboda faɗaɗa titi aka sake ta da ginin zamani. To ina ga zauren da ba ya cikin kowane jeri? Gidan magada ne, suna da ikon sayarwa.

Inda kuke da ta cewa shi ne wajen sabon ginin. Mai da gidan zama shaguna sai da izinin hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, da zanen da ta amince da shi. Ku rubuta mata ƙorafi tun kafin a fara, da sa hannun mai unguwa da liman da maƙwabtan da katangarsu ke manne da gidan. Kada ku cika takardar da tarihi, ba shi ne aikinsu ba. Ku faɗi faɗin lungun da mita, inda ruwan rufi zai zuba, da haɗarin da katangun maƙwabta ke ciki. Ku ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Tarihin ku kai shi Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha da ke Gidan Ɗan Hausa da ofishin NCMM da ke Gidan Makama, ku roƙi su zo su gani. Ziyararsu ba ta hana ciniki, amma tana sa mai saye ya saurare ku.

Wani magini:
Alhaji mai tambaya, bangon gabas dama shi ke shan wahala a Kano, domin ta can hadari ke tasowa, ruwa ya riƙa dukansa. Tsagewarsa ba ita ce hukuncin kisa ba. A fara fitar da yara daga ciki, sannan a duba abu uku.

Na farko, tsagar tana tafiya ko ta tsaya? A shafa ɗan kwaɓin ƙasa mai laushi a kanta wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, a rubuta kwanan wata a gefe. Bayan sati biyu zuwa uku a dawo. In shafen bai fashe ba, tsohuwar tsaga ce, cikewa kawai take so. In ya fashe, musamman in ta fi faɗi ta sama, bangon yana buɗewa waje. A saki igiya da dutse daga saman bango a ga ko ya karkata. Ku tuna bangon tubali dama gindinsa ya fi samansa kauri, don haka ɗan kwanciya ciki ba aibi ba ne, leƙowa waje ne abin tsoro.

Na biyu gindin bango. Galibi cutar daga nan take. An cike lungu ko an zuba masa kankare ya fi daɓen zaure tudu, ruwan kwata yana kwanciya a gindi, ƙasa ta jiƙe ta zaizaye. In an taɓa yi wa bangon filastar siminti, a ƙwanƙwasa da hannu: inda ya yi ƙarar kurman ganga, ya rabu da ƙasar, danshi ya taru a bayansa. Siminti ba ya barin bango ya sha iska, shi ya sa ake ganin gida garau a ido, rana ɗaya ya zube. A ɓamɓare shi, amma ba gaba ɗaya a yini ɗaya ba. A ɗauki kamar taku uku, a kankare ruɓaɓɓiyar ƙasa, a jera sabon tubali, a bari ya bushe, sannan a tsallaka a kama wani wurin.

Na uku azara. Ba tsakiyarta ake dubawa ba, bakinta da ya shiga bango ake tonowa a caka ƙusa. Azarar giginya gara ba ta cika cinta ba, danshi ne ke kashe ta. In ƙusa ta nutse, a tokare bakan da ke ɗauke da rufin daga ƙasa da katako mai ƙarfi kafin a taɓa komai, a sauya su ɗaya bayan ɗaya. Yoyo kuwa sau da yawa indararo ne ya toshe ko ya karye, ruwa ya kwanta a kan soro. Kuskuren da ake yawan yi shi ne duk shekara a ƙara lafta ƙasa a kan rufi ba a kwashe tsohuwa ba, har nauyi ya fi ƙarfin azara. A kwashe, a sake shimfiɗa da gangare zuwa bakin indararo, shi kuma a sa dogo wanda zai jefa ruwa nesa da gindin bango.

Ƙasar yaɓe jan birji ake so, a kwaɓa da ciyawa, a tattake, a rufe ta kwana kamar biyar zuwa bakwai ana ƙara ruwa ana juyawa. Wadda aka kwaɓa da safe aka shafa da yamma za ta tsattsage. A jiƙa bango kafin a shafa, a yi shafe biyu marasa kauri maimakon ɗaya mai kauri, a gama da makuba ta ɓawon ɗorawa. Laso na katsin marina da gashin jima da dafara ya fi daɗewa a rufi, in an samu wanda ya iya haɗa shi. Duk wannan aikin rani ne. In damina ta kusa, a tokare, a gyara indararo, a rufe soron da tamfol, a jira.

Wani malamin fiƙihu:
Allah ya saka wa magini. Sai dai a kula da haƙƙin magada. A mazhabar Malikiyya maƙwabci ba shi da shuf'a, wato haƙƙin a fifita shi wajen saye, abokin tarayya ne a abin da ba a raba ba yake da ita. Don haka in ɗaya daga cikin magada yana son zauren ya tsaya, shi ne ƙofarku: ku tara masa kuɗi ya sayi kason 'yan uwansa. A bincika kuma ko mamacin ko mahaifinsa ya taɓa yin waƙafin zauren don karatu. In akwai takarda ko shaidu adalai, a kai gaban alƙalin da ke rabon gadon, domin waƙafi ba ya shiga gado. Amma "ai mun taso mun ga ana karatu a nan" ba shaida ba ce. Baligai suna iya bayar da kasonsu sadaka, na marayu kuwa ba mai ikon kyautar da shi, sai an biya su cikakken farashi. In an daidaita, a rubuta, a kai Hukumar Zakka da Hubusi a yi rajista.

Wata mai zanen gine-gine:
Ƙari kaɗan a kan batun malam. Ba dole a sayi gidan duka ba. Safiyo ya yanke zauren da dakalinsa daban, a bar tazarar aƙalla mita ɗaya tsakaninsa da sabon gini, a yi masa kuɗi shi kaɗai. Mai saye zai yi ƙorafi domin fuskar titi yake so, a nan cinikin zai yi zafi, ku shirya.

Ko an cece shi ko ba a cece shi ba, maƙwabta su ɗauki hoton katangunsu ciki da waje yanzu, da kwanan wata. A rubuta yarjejeniya a gaban mai unguwa cewa da hannu za a rushe ɓangaren da ke manne da su, ba za a haƙa ramin harsashi a jikin bangon ƙasa da damina ba, kuma ruwan kwanon sabon gini ba zai zuba musu ba. A auna zauren da tef, a ɗauki hoton bakuna da zanen bango, a naɗi muryar dattawan da suka san wanda ya gina shi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Akwai babbar 'yar marigayin da ba ta son a sayar. Ta ita za mu fara, ko ta mai unguwa?

Wani lauya:
Ta ita, amma liman da dattijuwa ɗaya su je, ba tawaga ba, kada 'yan uwanta su ce an zuga ta. Kafin nan magini ya duba ya rubuta kuɗin gyara, domin tambayar farko da magada za su yi ke nan: wa zai biya, kuma in zauren ya faɗi wa zai ɗauki alhaki?