Muhawara: Wai Elvis kaɗai ya kai labari?

Sadiƙ: Jama'a, ina nan kan bakata. Cikin waɗanda suka kafa kiɗan rock and roll a Amurka, Elvis Presley kaɗai ya kai labari. Sauran tun kafin 1960 aka daina jin ɗuriyarsu.

Malam Habu: Wane labari ya kai, Sadiƙ? An ɗauke shi soja a 1958, ya dawo daga Jamus a 1960, manajansa ya cusa shi finafinai marasa kan gado shekara da shekaru. Ya mutu a 1977 yana ɗan shekara 42, ƙwayoyi sun gama da jikinsa.

Sadiƙ: Amma daga 1969 cika zaure yake yi a Las Vegas, Malam. Su fa?

Anti Rabi: Kowa da abin da ya same shi, ƙanena. Little Richard ba faɗuwa ya yi ba, da ƙafarsa ya fita. Yana tsakiyar rangadi a Ostireliya a 1957 ya ce ya tuba da kiɗan duniya, ya tafi Alabama karatun wa'azi. Da ya dawo a 1962, 'yan Beatles, ƙungiyar matasan mawaƙan Ingila, ne ke share masa fage a can.

Ɗanlami: Share fagen nan ne ya ci shi, Anti. Shekara biyu tsakani yaran suka kwashe kasuwar kaf.

Malam Habu: Ku duba Jerry Lee Lewis. A 1958 'yan jarida a Landan suka bankaɗo cewa amaryarsa 'yar shekara 13 ce, kuma danginsa ce ta kusa. Gidajen rediyo suka yi watsi da shi. Sai a 1968 ya farfaɗo da kiɗan country, ya samu sabbin masoya, ya rayu har 2022. Chuck Berry kuwa gidan yari ya shiga a 1962, ya fito ya tarar ƙungiyar mawaƙan Ingila ta Rolling Stones na cin abinci da waƙoƙinsa. Bai ajiye gita ba sai da tsufa ya kama shi.

Sadiƙ: Tsawon rai daban, sarauta daban.

Anti Rabi: To in sarauta ce, Elvis da bakinsa a 1969 ya nuna Fats Domino a gaban 'yan jarida ya ce ga sarki na gaskiya. Domino ɗin nan shi ne mutumin da ya ƙi barin unguwarsu a New Orleans, har ambaliyar Katrina ta 2005 ta sa aka ɗauko shi a kwalekwale.

Sadiƙ: Kara ce kawai ya yi masa, Anti.

Ɗanlami: Kara ko ba kara ba, ba wanda ya sa masa wuƙa a wuya.