Biri na da fuska, kumba ba ta da ita

Abban Zara: Abin nan ya daɗe yana ci mini rai. Akwai wani ɗan biri a Brazil, gashinsa ja kamar zinare, da geza irin ta zaki, nauyinsa bai kai kilo ɗaya ba. A shekarun 1970 kusan 200 ne suka rage a daji. Aka tashi tsaye, aka keɓe musu daji, aka buga hotonsa a takardar kuɗin Brazil ta real 20, da zazzaɓin shawara ya faɗa musu har rigakafi aka yi musu. Ita kuwa babbar kumbar da ke ƙasan tekun Bahar Rum, mai tsawon da zai iya wuce mita ɗaya, tun 2016 ƙwayar cuta ke kashe ta, daga gaɓar Sifaniya ta bazu. Wa ya ji? Wallahi don dabbar ba ta da fuskar da za ta ba mu tausayi ne.

Malam Idi: Dabba? Abin da ba kai ba ido, ya kafe wuri ɗaya, shi ne dabba?

Ummu Sadik: Dabba ce mana, Malam. Tana da zuciya da ciki, tana tace ruwa ta ci abin da ke cikinsa.

Malam Idi: Hajiya, ke kin taɓa ganin zuciyar?

Ɗan Auta: Ba kumba ake cewa ba ma, katantanwa ce.

Ummu Sadik: Katantanwa ɓawo ɗaya ne a murɗe. Wannan biyu ne, suna buɗewa suna rufewa.

Ɗan Auta: To, Anti. Amma ni ina bayan Malam Idi, ya girme mu duka.

Yaya Bala: Kai kullum kana bayansa. Ko a maganar jemage haka ka yi.

Ɗan Auta: Yaya, kar ka tono wannan, kai ma ba ka janye abin da ka faɗa ba.

Abban Zara: Jama'a, a 2019 aka saka kumbar nan cikin halittun da ke dab da ƙarewa fa!

Malam Idi: Ka gani, yanzu ka ce halitta. Da haka ka fara da ba a yi musu ba.

Yaya Bala: Bari in taƙaita. Kowa ya yarda dabba ce, Ummu Sadik ta kawo hujja, kuma ɗan birin ya cancanci duk abin da aka yi masa.

Abban Zara: Ban ce bai cancanta ba, Yaya. Kumbar nake tambaya.