Wai 1969 ce uwar shekaru? Gardamar da ta tashi a zaure

Mai Rediyo: Salamu alaikum 'yan zaure. Yau kwana uku da na sa dogon rubutu a kan 1969, ko tari babu wanda ya yi. Da hoton ɗan ƙwallo na sa, da yanzu wayata ta ɗau zafi. To zan maimaita, mai jin haushi ya ji: duk ƙarnin da ya wuce babu shekarar da ta kama ƙafar 1969. Ranar 20 ga Yuli Neil Armstrong da Buzz Aldrin suka taka wata. A watan Agusta mutum wajen 400,000 suka yi kwana uku a wata gona a jihar New York suna jin kiɗa, bikin da ake kira Woodstock. Ranar 1 ga Satumba Gaddafi ya yi juyin mulki a Libiya. Wanda ya san shekarar da ta fi ta, ya kawo mu gani.

Na Turabulus: Baba, da girmanka, gyara kalmar nan. Ba juyin mulki Gaddafi ya yi ba, juyin juya hali ya yi.

Mai Rediyo: Ɗana, ni maganar shekara nake.

Na Turabulus: Ai shekarar ce ka ɓata da kalma ɗaya. Juyin mulki shi ne soja ya ture wani ya haye kujera, komai ya ci gaba yadda yake. Shi kuwa sarauta ya tumɓuke gaba ɗaya. Kafin shekara ta zagayo sojojin Ingila sun tattara, Amurka ma ta bar sansaninta na Wheelus a 1970.

Sarkin Musu: Malam, yaro ɗan shekara 27, hafsan soja, ya jira Sarki Idris ya tafi jinya Turkiyya, ya kama gidan rediyo ya yi sanarwa. Idan wannan ba juyin mulki ba ne, to me ake kira juyin mulki? Ina talakawan da suka fito kafin tankoki?

Na Turabulus: Sun fito bayan nan, da murna.

Sarkin Musu: Kowane soja ya hau ai ana fitowa da murna. A shekarar nan dai Numeiri ya ƙwace Sudan ranar 25 ga Mayu, ya ce juyin juya hali. Siad Barre ya ƙwace Somaliya ranar 21 ga Oktoba, kwana shida bayan an harbe shugaban ƙasa Sharmarke, shi ma ya ce juyin juya hali. Mai bindiga ne ke raɗa wa abin suna.

Na Turabulus: Kada ka haɗa min Gaddafi da Siad Barre. Je ka tambayi waɗanda suka zauna Libiya lokacinsa.

Sarkin Musu: Shekara 42 ba zaɓe. Su ma waɗanda suka zauna kurkukunsa a tambaye su.

Na Turabulus: Ka dubi Libiya tun 2011 sannan ka dawo mu yi magana. Kai dai an san inda ka dosa.

Sarkin Musu: Ina na dosa? Faɗi mana.

Ɗan Autan Zaure: Ni fa duk ba wannan ba. Baba ya ce an taka wata. Wa ya gani? A ɗaki suka ɗauki fim ɗinsu.

Hajiya Babba: Ikon Allah. Ana wata ga wata!

Malamin Kimiyya: Ƙanena, tsaya. Kumbon da ya kai su, Apollo 11, ya tashi daga Florida ranar 16 ga Yuli a gaban dubban mutane, ya faɗo tekun Pasifik ranar 24. Sun dawo da duwatsu da ƙasa sama da kilo 21. Sun bar wani madubi a can wanda har yau masana ke harba masa haske ya dawo, da shi ake auna nisan wata. Sannan ka tuna Tarayyar Sobiyat ce abokiyar gasarsu, ita ta fara tura mutum sama, Gagarin, a 1961. A makon nan ma nata kumbon marar matuƙi, Luna 15, yana zagaya wata, ya faɗi a can ranar 21 ga Yuli. Da ƙarya ce, kana ganin Rasha za ta rufa wa Amurka asiri?

Ɗan Autan Zaure: To don me ba su koma ba?

Malamin Kimiyya: Sun koma. Apollo 12 a watan Nuwamban shekarar. Mutum 12 suka taka shi zuwa 1972, sannan aka tsaya saboda kuɗin da abin ke ci.

Ɗan Autan Zaure: Haka dai suka faɗa muku. Akwai bidiyon da na gani.

Malamin Kimiyya: Turo shi.

Ɗan Autan Zaure: Ya goge a wayata.

Hajiya Babba: Ni abin da ya ɓata min rai, Alhaji ya tuna taron makaɗa a cikin taɓo, bai tuna wutar da wani ɗan Ostireliya ya sa wa Masallacin Ƙudus ranar 21 ga Agusta ba. Mumbarin zamanin Salahuddin ya ƙone. Dalilin haka shugabannin ƙasashen Musulmi suka taru a Rabat a watan Satumba, daga nan aka samu ƙungiyar OIC.

Mai Rediyo: Hajiya, yana cikin dogon rubutun da ba ku karanta ba. Kuma Woodstock ba sharholiya kaɗai ba ce. Samarin da ake kwasa zuwa yaƙin Biyetnam ne da 'yan'uwansu suka cika wurin. Makaɗi Jimi Hendrix ne ya rufe taron da safiyar Litinin, lokacin yawancin jama'a sun watse.

Sarkin Musu: Yawwa Baba. In dai juyin juya hali ake nema a 1969, gara a ce waɗannan samarin, ba su ɗauki bindiga ba.

Na Turabulus: Ka ji ko? Masu gashi buya-buya su ne 'yan juyin juya hali, wanda ya kori sansanin Amurka kuma ɗan fashin mulki. Allah ya shirya.

Sarkin Musu: Ban ce ɗan fashi ba. Kai ka faɗa.

Na Turabulus: Ka janye maganar kurkuku.

Sarkin Musu: Ka fara faɗin inda na dosa.

Shugaban Zaure: Ya isa haka, dare ya yi. Ga abin da aka tsayar. An gamsu cewa abin da ya faru a Libiya juyin juya hali ne, Na Turabulus ya kawo hujjoji masu ƙarfi, Sarkin Musu kuma ya koma kame-kame da Sudan da Somaliya. Maganar wata akwai saɓani, kowa ya riƙe fahimtarsa. Batun makaɗa ba shi da muhimmanci. Mun gode wa Hajiya.

Sarkin Musu: Wa ya gamsu? Shugaba, hoton wa ke kan lambarka?

Malamin Kimiyya: Saɓani da wa? Da bidiyon da ya goge?

Mai Rediyo: Jama'a, har yanzu fa babu wanda ya kawo min shekarar da ta fi 1969.