Ƙyanƙyasar Ƙwan Sarkin Macizai: Abin da Masu Kiwo Suka Tsaya a Kai

Macijin nan na Arewacin Amurka ya samu sunansa ne don yana haɗiye wasu macizan. Masu kiwonsa sun fi yin magana a kan abu biyu: zafi da danshi.

A samu robar abinci mai murfi, a huda ƙananan ƙofofi biyu ko uku, a zuba bamikulait (ɓarɓashin wani ma'adini mai riƙe danshi) da ruwa daidai wa daida a kan sikeli, wato giram 100 da giram 100. In an dunƙula a hannu ya haɗe, amma kada ruwa ya ɗiga. A binne ƙwan zuwa rabi. Kafin a ɗaga kowanne a yi masa alama da fensir a sama, don ba ƙwan kaza ba ne da ake juyawa. Juyi na iya kashe ɗan. Waɗanda suka manne da juna a bar su haka.

Zafi ya tsaya tsakanin digiri 26 da 28 a ma'aunin Salshiyos, su fashe cikin kwana 55 zuwa 65. Masu gaggawa kan ƙara zafi, sai 'ya'yan su fito da karkataccen ƙashin baya.

Ƙwai ya loɓa tun da wuri? Danshi ya yi kaɗan, a ƙara ruwa ta gefen roba, ba a kansa ba. Loɓawar dab da ƙyanƙyasa kuwa ba matsala. A haska tocila: mai rai za a ga jajayen jijiyoyi, ɓaragurbi kuma rawaya ne, yana saurin yin fumfuna.

Wanda ya tsaga ƙwai ya leƙo da kai, a ƙyale shi kwana ɗaya ko biyu ya shanye gwaiduwa. Da sun fito a raba su, don suna cin juna. Abinci sai bayan saɓar farko.