Muhawara: daɓen siminti da doguwar katanga sun isa a samu tsakar gida mai sirri marar wahala?

Magini: Assalamu alaikum. Ra'ayina ban ɓoye shi: wanda yake son wurin shan iska a gidansa, wurin da idon maƙwabta ba ya kaiwa kuma ba ya cin lokacinsa, to ya zuba kankare daga bango zuwa bango, ya ɗaga katanga. Kaurin santimita 10 ya isa wurin zama. A riƙa jiƙa shi na kwana 7, cikin kwana 28 ya gama yin ƙarfi, daga nan sai tsintsiya kawai. Duk abin da yake tsiro aiki ne.

Hajiya: Wa alaikumus salam, Baba magini. Sauƙin shara na yarda da shi. Amma wurin zama muke magana, ba wurin ajiye mota ba. Siminti yana shan rana wuni guda, ya dawo da zafin bayan faɗuwarta, daidai lokacin da iyali suke son fitowa. Wurin da ba a iya zama a cikinsa, me aka amfana da sauƙin shararsa?

Mai lambu: Hajiya ta faɗi gaskiya. Ni a wurina ganye ne maganin duka biyun. A dasa shinge mai saurin girma a kewaye, a shimfiɗa ciyawa a tsakiya. Ga sanyi, ga sutura.

Injiniya: Malam mai lambu, a nan ina tare da Baba. Ciyawar da ake shimfiɗawa ita ce ta fi komai cin aiki: yanka, taki, ban ruwa. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa kusan kashi 30 cikin 100 na ruwan da gidaje suke amfani da shi a ƙasar a waje yake tafiya, mafi yawansa wajen ban ruwa. A 2021 jihar Nevada ta yi doka a kan ciyawar ado da ba a amfani da ita a yankin Las Vegas, saboda ƙarancin ruwan kogin Colorado. Shinge mai saurin girma kuwa ba ya tsayawa don ya kai tsawon da kake so. A Ingila akwai wani iccen shinge da yake ƙara kusan mita guda a shekara. Rigimar maƙwabta a kansa ta yi yawa har dokar 2003 ta ba mutum damar kai ƙara ga ƙaramar hukuma idan shingen maƙwabcinsa ya wuce mita 2 yana tare masa haske.

Magini: To ai kun dawo kan maganata.

Injiniya: Rabinta, Baba. Mu auna katangar. A ce tsawonta mita 2, tagar benen maƙwabci tana sama da ƙasa mita 4.5, kuma tsakaninta da katangar mita 5 ne. Kan mutumin da ke zaune a kujera bai wuce mita 1.2 daga ƙasa ba. Idan ka ja layi daga tagar ta kan katangar, abin da ya ɓoyu wajen mita ɗaya da rabi ne kawai a gindin katanga. Sauran filin duk a buɗe yake. Abin da ke tare ido daga sama rumfa ce a kan wurin zaman, ko wani ɗan abin kariya na katako da aka tsayar dab da kujeru ta ɓangaren tagar.

Magini: Sai a kai ta mita 3.

Injiniya: Za ta ɓoye wajen mita 6, ban musa ba. Amma katangar mita 3 tana buƙatar ginshiƙai da tushe mai zurfi saboda nauyin iska, kuma a wurare da yawa doka ba ta barin mutum ya yi ta ba izini. A Ingila iyakar mita 2 ce, mita 1 idan ta bakin titi ce. Sannan bangon da ba shi da ƙofa ko rami ba ya kashe iska, tsallake shi take yi ta faɗo tana juyi a bayansa. Abin da yake rage ƙarfinta da kyau shi ne shingen da kusan rabinsa a buɗe yake.

Hajiya: Akwai abin da ba wanda ya taɓa, shi ne ruwan sama. Ina zai tafi?

Injiniya: Madalla, Hajiya. Milimita 1 na ruwa a kan murabba'in mita 1 lita guda ce. Fili mai murabba'in mita 50, idan aka yi ruwan milimita 20, ya tara lita 1,000, kuma siminti ba ya shan ko ɗigo. Dole a ba daɓen gangare na kamar santimita 2 a kowace mita, yana nisantar ginin gida, a kuma yanka masa layin tsagewa, wato layin da tsagewar za ta bi idan daɓen zai tsage, kowace mita 3 ko kusa da haka. In ba haka ba ruwa ya kwanta, gansakuka ta fito, ƙasa ta yi santsi. Sauro kuwa mako guda zuwa kwana 10 ya ishe shi daga ƙwai zuwa tashi.

Magini: Wannan laifin mai aiki ne, ba laifin siminti ba. Maginin ƙwarai ba ya zuba daɓe bai fitar da magudana ba.

Sabon maigida: Iyayena, ku yi haƙuri in sa baki. Ni ciyawar roba nake tunanin sawa. Ba yanka, ba ban ruwa.

Mai lambu: Ƙanena, kada ka fara idan wurin yana shan rana. Zafinta kan wuce digiri 60, ƙafar yaro ba ta iya taka ta. Ƙura da ganye suna maƙale mata, bayan 'yan shekaru ta koɗe a sake saye. Na ji batun ciyawa da shinge, amma itace ban sauka daga kansa ba. Bishiya ɗaya a yamma da wurin zama ta fi kowace rumfar kwano sanyi, domin ganye yana fitar da danshi, kwano kuwa zafi yake sakowa. Abin lura shi ne zaɓi. Dangin cediya da durumi saiwarsu tana ɗaga daɓe ta shiga bututu, a nisanta su da gini. Gora iri biyu ce: mai tsayawa a dunƙule, da mai bin ƙarƙashin ƙasa ta ɓullo a gidan maƙwabci. A tambaya kafin a saya.

Hajiya: Ganyen da zai zubo fa, Malam? Mu ne masu sharar.

Mai lambu: Kada a zuba tsakuwa a ƙarƙashinta, Hajiya, fitar da ganye daga cikin tsakuwa azaba ce. A bar mata da'ira ta ƙasa, a rufe da ɓawon itace kaurin santimita 5 zuwa 8, kada ya taɓa jikin bishiyar. Ganyen da ya faɗa ciki ya zama taki, ciyawa ba ta samun hasken tsirowa, danshi kuma ya daɗe. A sa mata tiyon ɗigo-ɗigo na shekara biyun farko, tsakuwar a kai ta inda ba bishiya, ta shanye ruwan da ya gangaro daga daɓe.

Magini: Bishiyarka sai ta shekara biyar ko fiye kafin ta yi inuwa. Yaron nan bana yake son zama.

Sabon maigida: Haka ne, Baba. Filina mita 6 ne da mita 8, benen maƙwabci yana gabas, ranar yamma kuma tana dukan bangon ɗakina. Injiniya, idan na fara da rumfa da daɓe a ƙarƙashinta kawai, wane gefe zan kafa ta?

Injiniya: Ka fara sa kujera a wurin da kake sha'awa, ka zauna, ka duba ko kana hango tagar. Idan kana ganinta, ana ganinka. Ka auno mini tsawon katangarka da nisan tagar daga gare ta, sai mu lissafa.